Yawon cin tapas a Sifaniya kai kaɗai: ka bi ɗan jagora ko ka bi ƙafarka?

Wanda taro ko karatu ko hutu ya kai shi Sifaniya shi kaɗai, da wuya ya kwana biyu ba a ce masa ya fita cin tapas ba. Tapas ƙananan faranti ne na abinci, loma huɗu zuwa shida, waɗanda galibi a tsaye ake cinsu a bakin kanta. Ba a cika ciki a wuri ɗaya. Ka ci faranti ɗaya ko biyu a nan, ka biya, ka taka zuwa shago na gaba. Kusan yadda mutum kan fito bayan isha'i ya tsaya wajen mai tsire, ya ratsa ta wajen mai awara, ya ƙarasa teburin mai shayi, sai dai a can gari ne sukutum ke fitowa, tsofaffi da sandunansu, iyaye da jarirai a keke.

Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka biya kamfani ya haɗa ka da ɗan jagora da wasu baƙi takwas ko goma, a zaga da ku shaguna uku zuwa biyar cikin awa uku ko huɗu, ko kuwa ka tsara hanyarka ka shiga gari da kanka. Mai tafiya da iyali ko abokai bai cika damuwa da wannan zaɓi ba. Wanda yake shi kaɗai ne abin ke wa tsaye, kuma idan ba ya cin alade ba ya shan giya, lissafin ya sake canzawa gaba ɗaya.

Ma'aunan da zan bi

Na farko kuɗi, wanda bai buƙatar dogon bayani.

Na biyu, kuma a wurina shi ne babba, sanin abin da ke cikin farantin. Sifaniya ƙasar alade ce ta gaske. Busasshiyar cinyar alade da suke kira jamón tana rataye a saman kanta kusan ko'ina, kuma ba wadda ake gani a rataye ba ce matsalar. Wadda aka yayyanka aka barbaɗa a kan miyar tumatir mai sanyi ta salmorejo, ko aka cusa cikin croquetas, ƙananan curin kwaɓin fulawa da madara da ake soyawa, ko aka jefa ƙashinta a romo, ita ce ke shammatar mutum. Ga kitsen alade a wasu kayan gashi, ga giyar inabi a miyar nama da ta wasu kayan teku. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa masu sayar da abinci bayyana abubuwa 14 da kan tayar wa wasu mutane da ciwo, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da kifi, amma alade ba ya cikin jerin. Saboda haka alamomin da ke jikin takardar abinci ba za su cece ka ba. Sai baki ya yi aiki.

Na uku, girman cikin mutum ɗaya. Abinci a shagunan nan kashi uku ake sayar da shi: tapa, wato ɗan ƙaramin faranti, media ración, rabin faranti, da ración, cikakken faranti da aka yi domin mutum uku ko huɗu su sa hannu. A garin da ake sayar da tapa, mai tafiya shi kaɗai sarki ne. A garin da ración ta fi yawa, faranti biyu sun gama da shi, dare ya ƙare bai ɗanɗana komai ba.

Na huɗu sauƙi, wato harshe da lokaci da yadda ake kutsawa a kai ga kanta. Na biyar kaɗaici da tsaro. Na shida abin da zai saura maka bayan daren ya wuce, wanda za ka yi amfani da shi gobe da jibi.

Akwai magana ɗaya da ta riga duk waɗannan. Shagunan tapas mashaya ne. Da safe kofi da burodi suke sayarwa, da rana abinci, yara na shiga da fita, ba a cika ganin maye a cikinsu ba, amma giya na kan kanta daga buɗewa har rufewa. Wani zai iya tsayawa ya ci kifinsa da lemo ya fita, wani kuwa zuciyarsa ba za ta natsu da zama inda ake sha ba. Wannan kai da imaninka ne da abin da malaminka ya karantar da kai. Abin da ya rage mini shi ne in nuna wace hanya ce ta fi ba ka ikon zaɓen inda za ka tsaya.

Bin ɗan jagora

Farashin yawon haɗaka a Madrid, Barcelona da Sevilla yakan faɗa tsakanin Yuro 70 da 120 ga mutum ɗaya, a San Sebastián kuma yakan haura haka. Idan kai kaɗai kake son a zaga da kai, ka shirya Yuro 200 zuwa sama. Ana yin rajista ta shafin kamfanin ko ta dandali irin su GetYourGuide da Viator, kuma akasarinsu suna mayar da kuɗi idan ka fasa kafin awa 24. Ka karanta sharuɗɗan da kyau, domin wasu ba sa fita sai mutum biyu ko fiye sun yi rajista. A lokacin sanyi, sa'ad da baƙi suka ragu, ana iya turo maka saƙo da rana cewa an soke fitar dare.

Ga inda lissafin ke ciwo. An gina farashin a kan cewa a kowane shago za a ba ka kofin giya, kuma farantin da kamfani ke alfahari da shi sau da yawa jamón ne mai tsada. Kai da za a miƙa wa lemo da cuku a madadinsu, kuɗi ɗaya za ka biya da wanda ya ci ya sha duka. Ban ga laifin kamfanonin ba, haka kasuwarsu take, amma ya kamata ka shiga da ido buɗe: ba abinci kake saye ba, bakin ɗan jagora kake saye da abokan hira.

Bakin nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan jagora na ƙwarai ya san mai dafa abincin da suna, yana iya leƙawa kicin ya tambaya ko da romon ƙashi aka dafa waken, ya dawo maka da amsar da ba za a ba baƙo ba a cikin hayaniyar ƙarfe tara na dare. Sai dai wannan alheri ba ya zuwa da kansa. Ka rubuta wa kamfanin tun kafin ka biya, ka ce ba ka cin alade ta kowace siga, har da kitse da romo, ba ka son abin da aka dafa da giya, kuma ka tambaye su abin da za su ba ka a kowane zango. Wanda ya amsa da sunayen abinci, ya ce a shago na farko kifi kaza, a na biyu dankali kaza, wannan ya san aikinsa. Wanda ya ce kada ka damu za a duba, ka nemi wani. Hanya mafi gajarta ita ce ka ce a rubuta ka cikin masu cin kifi da ganye kawai, domin wannan rukuni ne da kamfanonin suka saba da shi, kuma ya raba ka da tambayar yadda aka yanka saniya ko kaza.

A ma'aunin ciki, ɗan jagora ya yi nasara ba gardama. Mutum goma na raba manyan faranti, sai ka ɗanɗana abu takwas ko goma a dare ɗaya, abin da ba zai yiwu ba idan kai kaɗai ne. Amma idan rabin farantan na alade ne, ribar ta ragu da rabi.

Ta fuskar sauƙi ma haka. An riga an kama muku wuri, babu layi, babu neman hanya a waya. Yawancin fitar da Ingilishi ake yinta. Ɗan Nijar ko Kamaru ko Chadi da Faransanci ya fi zauna masa zai samu masu yi da Faransanci a manyan birane, sai dai ba kullum suke fita ba, gara ya nema da wuri. Abin da ake rasawa shi ne ikon lokaci. Fitar dare takan fara tsakanin shida da bakwai da rabi, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Madrid sai kusan goma saura kwata, wato magariba za ta same ka a tsakiyar zango na uku. Ba za a tsayar da mutum goma domin ka ba. Da sanyi abin ya fi sauƙi, tunda rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, kana iya yin salla kafin ka fito.

Batun kaɗaici, nan ne mutane da yawa ke samun abin da suka biya. Wanda ya yi kwanaki yana cin abinci da wayarsa a gaba ya san daɗin a tambaye shi daga ina ya zo. Za ka haɗu da ma'aurata daga Amurka ko Ingila, da ɗaya ko biyu masu tafiya su kaɗai irinka. Amma teburi ɗaya ne, kuma kowa a kansa yana sha sai kai. Idan wannan zai dame ka, babu inda za ka matsa. Tsaro kuwa yana da kyau, domin 'yan sane ba su cika kusantar ayarin da ɗan gari ke ja ba, kuma za a nuna maka hanyar komawa masauki.

Abin da zai saura maka ya danganta da yawan tambayarka. Wanda ya bi ayari ya ci ya tafi, ya tashi da hotuna kawai. Wanda ya sa ɗan jagora ya rubuta masa shaguna biyar da abin da zai nema a kowanne, ya koyi yadda ake kiran mai kanta da yadda ake biya, ya sayi darasin da zai yi masa amfani har ƙarshen tafiyar.

Bin ƙafarka

A Sevilla tapa ɗaya takan kama Yuro 3 zuwa 5. Shago huɗu, faranti biyar ko shida da abin sha, ka tashi a Yuro 25 zuwa 35 ka ƙoshi. A San Sebastián ka ƙara goma a kai. A Granada, Almería da León kuwa al'adar ita ce duk abin shan da ka saya ya zo da tapa kyauta, kuma a mafi yawan shaguna lemon kwalba ma ya wadatar, ba sai giya ba. Da Yuro 12 zuwa 15 mutum ya ci abincin dare a Granada. Tsayuwa a kanta takan fi zama a teburin waje araha, tukwici ba dole ba ne, kuma tun 2022 doka ta wajabta wa shaguna su ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema.

Kyautar Granada tana da ƙaya guda: a shaguna da dama ba kai ke zaɓar tapa ba, abin da kicin ya fitar shi za a ajiye maka. Saboda haka tun kana neman abin sha za ka faɗi sharaɗinka, kafin faranti ya iso.

Jimloli huɗu sun isa su riƙe ka. No como cerdo, ni jamón, ni chorizo, ni manteca, wato ba na cin alade, ko jamón, ko tsiran alade, ko kitsensa. ¿Lleva jamón?, akwai jamón a ciki? ¿Lleva vino?, akwai giyar inabi a ciki? La cuenta, por favor, a kawo lissafi. Ka rubuta ta farkon a takarda ko a fuskar waya ka nuna, domin hayaniya na cinye lafazin baƙo. Kada ka tsaya a kan cewa ba ka cin nama kawai. Mutane da yawa a can ba sa lissafa ɗan barbaɗen jamón a matsayin nama, kuma da zuciya ɗaya za su kawo maka shi.

Abin da ya rage bayan an cire alade ya fi yadda ake zato yawa, musamman ga mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya, wadda ta halatta duk abin da ke rayuwa a teku. Akwai tortilla de patatas, wainar ƙwai da dankalin turawa mai kauri. Akwai patatas bravas, soyayyen dankali da miya mai ɗan yaji, gambas al ajillo, jatan lande a tafasasshen man zaitun da tafarnuwa, boquerones, ƙananan kifi ko a soye ko a jiƙe cikin ruwan tsami, pimientos de Padrón, koren tattasai ƙanana da aka soya aka barbaɗa gishiri, calamares da pulpo, halittun teku masu hannaye da yawa, musamman pulpo irin na Galicia da ake yayyankawa a kan katako da jan garin tattasai. A Sevilla ka nemi espinacas con garbanzos, alayyafo da wani irin wake mai ƙamshin kayan yaji. A Córdoba da Granada ka nemi berenjenas con miel, soyayyen baƙin yalo da aka yarfa wa zuma ko ruwan rake mai kauri. A Cádiz akwai tortillitas de camarones, soyayyiyar wainar ƙananan jatan lande, a bakin tekun Málaga akwai sardin da ake tsirewa a gasa a gefen wuta. Mai tsananin kiyayewa ya sani cewa wasu shaguna a mai ɗaya suke soya kifi da croquetas na jamón. Mafitarsa ita ce freiduría, shagon da sana'arsa suyar kifi ce, a naɗe maka a takarda ka tafi, irin waɗanda suka cika Cádiz da Sevilla.

A abin sha akwai tarko biyu. Mosto a yawancin ƙasar ruwan inabi ne zalla mai zaƙi, amma a yankin Jerez da ƙauyukan kewayen Sevilla sabuwar giya ake nufi da shi, don haka a kudu ka tambaya kafin ka kurɓa. Giyar da aka rubuta wa sin, wato wai babu barasa, ita ma tana iya ƙunsar ɗan barasa ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Lemon da aka matse a gabanka, ruwa mai gas ko lemon kwalba sun raba ka da dogon bincike.

Sauƙi shi ne raunin wannan hanya, a daren farko dai. Mutanen Sifaniya na cin abincin rana daga biyu zuwa huɗu, na dare daga tara zuwa sha ɗaya, kuma kicin da yawa a rufe suke tsakanin huɗu da takwas. Agogonsu ne ya gusa: tun 1940 ƙasar ke bin lokacin tsakiyar Turai, shi ya sa da sanyi ƙarfe nawa a Madrid ƙarfe nawa a Kano, alhali Madrid na can yamma. Baƙon da ya fito ƙarfe shida da yunwa, shagunan da aka buɗe domin 'yan yawon buɗe ido kaɗai zai tarar, masu hotunan abinci a ƙofa da mai kiran mutane a bakin titi. Ka fito takwas ko takwas da rabi, lokacin da kicin ya buɗe amma kanta ba ta cika ba, ka samu wurin tsayuwa da kunnen mai kanta. Shaguna da yawa ba sa buɗewa daren Lahadi ko ranar Litinin, wasu kuma sukan rufe makonni a watan Agusta.

Ba a jiran a zo a tambaye ka. Ka matsa ka dafa kanta, ka haɗa ido da ma'aikaci, ka faɗi abin da kake so a taƙaice. Kunyar da aka tarbiyyantar da mu da ita a gaban abinci ba ta aiki a nan, wanda ya tsaya baya yana jiran a lura da shi zai daɗe a tsaye. Biya sai a ƙarshe. A El Rinconcillo na Sevilla, wanda ke aiki tun 1670, da alli ake rubuta lissafinka a kan katakon kanta. A titin Blai na unguwar Poble-sec a Barcelona, tsinkayen da suka rage a farantinka ake ƙirgawa.

Kaɗaici bai kai yadda ake tsoro ba, domin kanta an yi ta ne don mai zuwa shi kaɗai. Ba wanda zai kalle ka, tsoho na gefenka ma shi kaɗai ya zo. Amma hira ba ta da tabbas idan ba ka jin harshen, kana iya zaga shago huɗu ba ka yi magana da kowa ba sai ma'aikata. A tsaro, Sifaniya ƙasa ce da ake yawo da dare lafiya, tituna cike da mutane har sha biyu. Abin tsoron shi ne sane, musamman a titin La Rambla da jirgin ƙarƙashin ƙasa na Barcelona da kewayen dandalin Sol a Madrid. Kada ka ajiye waya a kan teburi, kada ka rataye jaka a bayan kujera, ka raba kuɗinka da katinka aljihu biyu. Lambar gaggawa 112 ce. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Madrid na aiki har ɗaya da rabi na dare, na Barcelona kuwa sha biyu yake tsayawa daga Lahadi zuwa Alhamis, biyu na dare ranar Juma'a, ranar Asabar kuma ya kwana yana aiki.

Babbar ribar wannan hanya a wurina ita ce 'yancin juyawa. Ka leƙa shago ka ga bai kwanta maka ba, ka wuce. Ka ga lokacin salla ya yi, ka tsaya. A Granada kana iya cin soyayyen kifi a titin Navas, ka hau zuwa Calderería Nueva inda shagunan shayi na 'yan Maroko suke jere babu giya, ka ƙarasa babban masallacin Albaicín da aka buɗe a 2003, wanda farfajiyarsa ke kallon fadar Alhambra. Babu kamfanin tapas da zai tsara maka dare irin wannan.

Teburin kwatanci

| Ma'auni | Da ɗan jagora | Da kanka |
|---|---|---|
| Kuɗin dare ɗaya | Yuro 70 zuwa 120, na keɓe 200 zuwa sama | Yuro 25 zuwa 45, a Granada 12 zuwa 15 |
| Kauce wa alade da giya | Da kyau idan an yi yarjejeniya a rubuce | Ya rataya a kan tambayarka |
| Yawan abin da za ka ɗanɗana | Takwas zuwa goma | Biyar ko shida, ƙasa da haka inda ración ta fi yawa |
| Harshe | Ba ka buƙata | Jimloli kaɗan dole ne |
| Ikon lokaci da wurin tsayawa | Babu | Duka a hannunka |
| Abokan hira | Tabbas | Sai an dace |
| Haɗari | A soke fita, ko madadin abinci ya zama na jeka-na-yi-ka | Shagon 'yan yawon buɗe ido, kuskuren oda, sane |
| Abin da zai saura | Jerin shaguna da dabaru, idan ka tambaya | Sabo da ƙarfin gwiwa |

Akwai hanyoyi na tsakiya. Wasu manhajoji na sayar da taswirar yawo da bayanin murya a kan kuɗi kaɗan, suna maganin ɓata hanya amma ba sa tambayar kicin a madadinka. Fitar da masaukan matasa ke shiryawa da dare tana da araha, sai dai sha ne gabanta, abinci na baya, ban ba ka shawararta ba. Wadda ta fi su ita ce fitar safe ta zagayen kasuwa, inda kofi da churros, wato soyayyen kwaɓin fulawa dogo-dogo, da zaitun da cuku suka fi yawa, giya kuma ta ragu.

Gari ne ke yanke hukunci

Da za a tambaye ni abu ɗaya da ya fi nauyi, zan ce sunan garin. A Granada biyan ɗan jagora asara ce, tunda ana ba ka abincin kyauta, garin ƙarami ne, kuma wuraren halal sun wadata. A San Sebastián abincin da suke kira pintxos a jere yake a kan kanta, ido na gani, yatsa na nunawa, kowanne loma biyu ne, tsohuwar unguwar kuma ana zagaye ta cikin mintuna. Masu zafi ne kawai ake nema daga allon da ke bango. Logroño ma haka, a titin Laurel shaguna da yawa abu ɗaya suka shahara da shi, ba ka da dogon zaɓi balle ka rikice.

Madrid da Barcelona ne ɗan jagora ke cin kuɗinsa da gaskiya. Birane ne manya, ración ta fi tapa yawa, shagunan kirki a warwatse suke, na yaudarar baƙi kuma sun mamaye tsakiya. Duk da haka mai ƙafa yana da mafaka: Casa Labra kusa da Sol, wadda ke soya kifin bacalao tun 1860, burodin calamares a kewayen Plaza Mayor, da unguwar Lavapiés mai cike da gidajen abincin 'yan Senegal da Bangladesh. Kasuwar San Miguel tana da kyaun gani da sauƙin zaɓe, amma tsadarta ta baƙi ce. Sevilla na tsakiya: tapa ƙarama ce mai dacewa da mutum ɗaya, amma alade ya ratsa girkinta sosai, kuma saurin maganar mutanenta na wahalar da ko wanda ya koyi harshen a aji.

Wa ya dace da wace

Wanda ke da dare ɗaya tak a Madrid ko Barcelona, bayan taro, ba ya jin ko kalma ɗaya, kuma zama da masu sha bai dame shi ba, ya biya ɗan jagora, bayan ya karɓi amsa a rubuce kan abin da za a ba shi.

Mai kwana huɗu zuwa mako a gari ɗaya ya yi fita ɗaya da ɗan jagora a daren farko, ba na ƙarshe ba, ya tatsi duk abin da zai iya, sauran dararen ya bi ƙafarsa. Idan tafiyar ta haɗa garuruwa, ya kashe kuɗin a Madrid ko Sevilla, ya bar Granada da San Sebastián wa kansa.

Ɗalibi da duk wanda ke ƙirga Yuro da farashin Naira ko Sefa a ransa ya manta da kamfani. Kuɗin fita ɗaya zai ciyar da shi dare uku a Sevilla, kusan mako a Granada.

Mace mai tafiya ita kaɗai za ta iya kowacce. Idan daren farko ne kuma ba ta san unguwar ba, ayari zai ba ta natsuwa. Idan ta fi son ta bi ƙafarta, ta fara da rana, tsakanin ɗaya da uku, lokacin da shagunan ke cike da iyalai da ma'aikatan ofis, abincin kuma iri ɗaya ne da na dare.

Mai ciwon da wani abinci ke tayarwa, kamar gyaɗa ko jatan lande ko alkama, ya fi aminci da ɗan jagora ko da shagon zama inda za a kawo masa takardar abubuwa 14 ɗin nan ya duba a natse. Kanta mai cunkoso ba wurin wannan tambaya ba ce.

Wanda kuwa ba ya son ya tsaya inda ake shan giya sam, kada ya biya kowane kamfani, domin duk yadda aka gyara masa faranti, teburin ba zai canza ba. Ya tsara yawonsa a kan shagunan suyar kifi, rumfunan zaitun da cuku da 'ya'yan itace na kasuwanni irin su Triana a Sevilla, shagunan churros, da gidajen shayi da na abincin halal na Granada, Córdoba da Lavapiés. Ya fito kasuwa kafin ƙarfe biyu na rana, domin rumfunan kayan ɗanye da yawa daga nan suke fara rufewa.